Watannin da Kawu Bai Gano Ba

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, tabarma biyar aka shimfiɗa a ƙofar gidansa a Bulumkutu. Huɗu sun cika maƙil, ta biyar kuwa mutum ɗaya ne a kanta. Ba wai an rasa masu neman wurin zama ba ne. Mahauta sun zo daga Kasuwar Shanu, dillalai Shuwa sun zo da rawunansu, tsofaffin ma'aikatan gwamnati sun zo da ciwon gwiwarsu. Kowa ya iso sai ya yi gaisuwar Barebari, ya ce, "Wushe, wushe, ya haƙuri?" a shafa fatiha, ya waiga neman gurbi. Da idonsa ya faɗa kan tabarma ta biyar, sai ya tuna ashe tsayuwa ma tana da amfani ga lafiya.

Wanda ke zaune a kanta shi ne baƙon zaure. Shekara goma sha ɗaya yana kwana a ɗakin zauren Kawu, amma har yau baƙo ake ce masa. Ya haura hamsin, ba shi da yawan magana, ga wuyansa a ɗan karkace.

"Ka ga har makara ya ɗauka," wani ya raɗa a bayana.

"Da wace kafaɗar?" in ji na kusa da shi. Suka yi 'yar dariya ta cikin hanci, sannan suka ɗaga hannu suka karɓi addu'a.

An yabi Kawu ranar, amma irin yabon da ake yi wa magani mai ɗaci. Sarkin fawa ya ce, "Shekara talatin bai taɓa buga hatimi a kan naman da bai tsaga ba. Mun sha wuya a hannunsa. Allah ya jiƙansa." Maƙwabcinsa, tsohon hedimasta daga kudancin Borno, dattijo a cocinsu, wanda suka shekara ashirin suna sauraron rediyo ɗaya a gindin dalbejiya, ya cire tabarau ya goge ido.

"Wata rana na ce masa an yi ruwa a garinmu. Ya ce wa ya gaya mini. Na ce ƙanena, ta waya. Ya ce, ƙanen naka a garin yake ko a Biu? Na buga na tambaya. Ashe a Biu yake. Yanzu wa zai riƙa ƙure ni?"

A cikin gida kuwa Innata, wadda ita ce ƙanwarsa, tana kuka tana cewa, "Yaya ba shi da daɗin hira, wallahi ba shi da daɗin hira, amma wa zan kai wa magana yanzu?"

Aikin Kawu duba nama ne a mayanka. Kafin a fitar da saniya kasuwa sai ya tsaga hanta, ya matsa huhu, ya leƙa ƙarƙashin harshe. In lafiya lau, ya buga hatimin shuɗin tawada a cinya. In ya ga cuta, bai tsayawa a kan saniyar. Sai ya tambayi mahauci wane dillali ya sayar masa, ya tambayi dillali daga wane garke, har ya kai ga makiyayin. Da ya yi ritaya ya mayar wa gwamnati hatiminta, amma halin ya taho da shi gida.

Magana a wurinsa kashi uku ce: wadda ya gani, wadda aka gaya masa, da wadda bai sani ba. Ba ya barin ɗaya ta shiga rigar ɗaya. Ni malamin tarihi ne a sakandare, na karanta littattafai masu kauri a kan yadda ake tantance labari, har na ci jarrabawa a kansu. Kawu bai karanta ko ɗaya ba. Shi dai aiki yake da abin.

Zama da irin wannan mutum ba hutu ba ne. Lokacin da 'yarsa ta haihu aka bugo waya cewa namiji ne, maƙwabta suka zo barka, ya ce musu, "An gaya mini namiji ne." Sai da ya hau keke napep ya je ya buɗe zani da hannunsa, sannan ya yarda ya yi jika. Matarsa ta ce ranar ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Faɗansu da Innata ma a kan haka ne. Ta zo masa da zafi cewa matar wani ɗan uwanmu ta zage ta a wurin biki. Ya tambaye ta ko da kunnenta ta ji. Ta ce a'a, gaya mata aka yi. Ya tambayi wa ya gaya mata, a ina mai faɗar take zaune, kusa da masu kiɗa ko nesa.

"Yaya, ni ƙanwarka ce ko saniya, da za ka tsaga ni?"

"Saniya ba ta kawo mini labari, shi ya sa muke zaman lafiya da ita."

Ta ɗauki mayafinta ta fita, azumi guda ba ta taka gidansa ba. Ranar salla sai ga shi da kansa. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ce, "Na bi maganar nan. Mata uku sun ji da kunnensu. Ta zage ki. Abin da aka kawo miki ma an rage, har da ni ta haɗa." Daga nan ya tafi gidan ɗan uwan, kuma sai da matar ta zo ta durƙusa.

Baƙon zaure ya iso ne a shekarun da ƙauyuka suka kwararo cikin Maiduguri, lokacin da mutanen daji ke cin gari bayan gari. Kawu ya tsince shi a bakin masallaci, ba mata, ba 'ya'ya, ba ko buhu. Ya ba shi ɗakin zaure. Wanda bai zauna garin nan a lokacin ba ba zai gane yadda muke kallon juna ba. Wanda ya cika shiru abin zargi ne, wanda ya cika surutu ma haka. In mutum ya tsawaita sujada a lura da shi, in ya gajarta a lura da shi. Kuma kowa ya haddace alama ɗaya: wanda ya daɗe yana rataye da bindiga, igiyarta tana bar masa baƙin tabo a kafaɗa. Matasan unguwa masu gora sukan sa mutum ya tuɓe riga a kan titi saboda wannan.

Wata Asabar na je gaida Kawu, na tarar da baƙon yana wanki a bakin famfo, daga shi sai singileti. A kafaɗarsa ta dama akwai tabo baƙi, mai kauri, fatar ta yi kanta. Ban ce masa komai ba. Ban ce wa Kawu komai ba. Ran Litinin a ofishin malamai, ana shan shayi, na ce, "Ni dai na ga wani abu, amma ban ce komai ba." Aka matso. Na faɗa, na kuma roƙe su ya tsaya a tsakaninmu. Mu tara ne a ɗakin.

Ran Laraba da la'asar mutum sama da talatin suka tsaya a ƙofar gidan Kawu da gora. Kafin maganar ta iso unguwa ta yi ƙiba. Tabon ya zama biyu, an ga bindigar a ƙarƙashin katifa, wata mata ma ta gane fuskarsa. A kwanakin nan wanda aka tafi da shi a irin wannan taro ba kasafai ake sake ganinsa ba.

Kawu ya fito da kujerarsa ta roba ya dasa a bakin zaure ya zauna. Hedimasta ya fito da tasa ya ajiye kusa da shi. Shi ya ba ni labarin abin da aka yi.

"Baba, ku matsa," in ji shugaban matasan. "Ba da ku muke ba."

"Na sani, ɗana. Me ya yi?"

"Yana da tabon bindiga."

"To. Ni ban taɓa ganin tabon bindiga ba, ban san kamarsa ba. A cikinku wa ya taɓa gani? Ba wanda aka ce masa ba. Wanda ya ga mutum da bindiga a rataye, ya ga an sauke ta, ya ga tabon."

Aka yi ta kallon juna. Wani ya ce yayansa ya gani. Kawu ya ce a kira yayan. Aka ce yana Damaturu.

"Ban ce muku mutumin kirki ne ba," in ji Kawu. "Wata huɗu na san shi, wata huɗu kuwa ko saniya ba ka gama saninta ba. Ga abin da za a yi. A kulle shi a ɗakin nan, Bulama ya riƙe makulli, ku sa mutum biyu su yi gadi. Ku ba ni zuwa Juma'a. In na samu abin da kuke faɗa, ni zan riƙe hannunsa in kai shi."

Bulama, mai unguwarmu, ya ga hanyar da ba za a zubar da jini a ƙofar gidan dattijo ba, ya karɓa da sauri.

Kawu ya fara da mutumin. Baƙon ya ce shi ɗan dakon nama ne a kasuwar garinsu, shekara ashirin yana saɓa cinyar sa daga mayanka zuwa rumfa. Kawu ya duba kafaɗar kamar yadda yake duba hanta, ya latsa, ya auna da yatsu. Sannan ya bi sawun maganar. Shugaban matasa ya ji daga mai shayi, mai shayi daga wani direban keke, direban daga matarsa, matar daga maƙwabciyarta, wadda mijinta ke koyar da lissafi a makarantarmu. Ran Alhamis, ana idar da sallar asuba, Kawu yana ƙofar gidana.

"Malam," ya ce. Ba ya kirana haka sai zai yanka ni. "Sa rigarka mai kyau, za ka raka ni."

Na sa farar shadda. Muka sauka a Kasuwar Shanu, ya wuce da ni mayanka. Ya kira 'yan dako bakwai, ya roƙe su su tuɓe riguna. Suna dariya suka tuɓe. Kowannensu da tabon nan, baƙi, mai kauri, shida a dama, ɗaya a hagu don bahago ne. Kowannensu wuyansa a ɗan karkace.

"Ga mutanen daji bakwai," in ji Kawu. "Sai ka rubuta sunayensu."

"Kawu, ni ban ce shi ne ba. Cewa na yi na ga wani abu."

"Ka ga tabo. Wannan gaskiya ne. Bindigar fa, a ina ka gan ta?"

Ya yafito wani mahauci, aka ɗago cinyar sa aka ɗora mini a kafaɗa. Ya ce in kai ta bakin ƙofa. Tafiyar ba ta kai tsawon filin ƙwallon makarantarmu ba, amma sau biyu na durƙusa. Ƙashin yana cizon daidai wurin da na ga tabon. 'Yan dako suna tafi suna cewa, "Sannu Ticha! Saura shekara ashirin!" Shaddar ba ta sake sawuwa ba.

Bai ƙara yi mini maganar ba har ya bar duniya, kuma bai gaya wa kowa a gida cewa daga bakina ta fito ba. Yau ne, in wannan labarin ya kai mata, Innata za ta sani.

A kasuwar ya nemo mahauta uku da suka gudo daga garin baƙon. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a rumfuna daban, ba tare da ya gaya musu dalili ba. Duka ukun sun san shi, sun san mahaifinsa, ɗaya ma har ya kwaikwayi tafiyarsa. Amma na ukun ya ƙara da cewa tun ranar da garin ya watse bai sake ganinsa ba, kuma tsakanin ranar da isowarsa Maiduguri wata takwas ne.

Ran Juma'a bayan an sauko, unguwa ta taru. Kawu ya ce, "Abin da na gani: tabon na dakon nama ne, ga bakwai irinsa na kawo muku. Abin da aka gaya mini: mutum uku sun san shi da sana'ar tun yana saurayi. Abin da ban sani ba: akwai wata takwas da ban samu wanda ya gan shi ba. Shi ya ce ɓuya ya yi a bakin kogi. Ban tabbatar ba."

Hedimasta ya ce ji ya yi kamar ya toshe masa baki. Daga baya ya tambaye shi, "Kai kuwa me ya kai ka faɗin na ƙarshen nan? Ai da ka yi shiru an wanke shi tas."

"In na ɓoye wata takwas yau, gobe wani ya tono su, sauran maganata ma ta zama ƙarya. Ranar kuwa ba kujerar da za ta tare ƙofa."

An buɗe ɗakin, an bar mutumin da ransa. Amma unguwa ta manta 'yan dako bakwai, ta manta mahauta uku, ta riƙe wata takwas. Ba a taɓa shi ba saboda Kawu, ba a kuma ci abinci kwano ɗaya da shi ba, sai Kawu. Ya samo masa dako a mayanka. Duk sanda ya ji an ce wasu daga yankin sun sauka a wani wuri, sai ya hau keke ya je ya yi tambaya. Shekara goma sha ɗaya yana wannan. Kafin ciwo ya kwantar da shi ya gaya wa matarsa cewa ya ji labarin wata tsohuwa a Dusuman da ta yi zaman bakin kogin, in ya samu sauƙi zai je. Bai samu ba.

Ran sadakar uku babban ɗansa ya tara mu a falo. Taubashina ne, a Abuja yake aiki, tun muna yara ba ma raga wa juna.

"Mutumin nan zai tashi," ya ce. "Baba ne katangarsa, Baba ya tafi. Ni zan koma, in bar tsohuwa da mata a gida da wanda ba a san inda ya yi wata takwas ba? Jiya mutum huɗu suka ja ni gefe."

"Alhajin Abuja, su huɗun me suka gani?"

"Kai Ticha, kar ka fara mini Baba a nan. Ba ka da gemun."

Gaskiyarsa, ba ni da shi. Kuma tsoronsa ba na banza ba ne, uwarsa ce a gidan. Na roƙe shi zuwa sadakar bakwai. Ya ce ya ba ni, don ya ga iyakar tarihin nawa.

Washegari na tafi Dusuman. Sai da na yi gida shida kafin a nuna mini tsohuwar, tana tsince wake a tire. Na yi yadda Kawu ke yi, ban gaya mata dalili ba. Na ce ta ba ni labarin zaman bakin kogi, su waye suke tare. Ta lissafa mutane. A cikinsu ta ambaci wani ɗan dako mai karkataccen wuya da matarsa mai ciki. Shi ke kama musu kifi, in ji ta, bai iya ba, rabi yana kuɓucewa. Tun farkon damina suke tare har aka fara girbi, sannan ya ɗauki matar suka yi gaba neman mai karɓar haihuwa. Daga nan ba ta sani ba. Na lissafa da yatsu a cikin keke: wata biyar.

Ban taɓa jin yana da mata ba. A shekara goma sha ɗaya, tsakanina da shi sannu ce kawai. Da na dawo na yi sallama a ɗakin zaure. Ya riga ya ɗaure kayansa, ƙulli biyu. Na tambaye shi sauran wata ukun.

Ya ce sun samu wata bukkar gona da masu ita suka gudu. A nan ta haihu. Jaririyar ta yi kwana tara. Uwar ta yi wata biyu da wani abu tana jinya, sannan ta bi ta. Shi ya haƙa duka biyun.

"Wa ya gan ku a can?"

"Ita kaɗai, Malam."

"Ka gaya wa Kawu?"

"Tun ranar farko. Ya ce ya ji, amma ba zai kai wa mutane abin da ba shi da mai shaida ba, za su ce tausayi ya saya mini. Ya ce in yi haƙuri, yana nema."

Ran bakwai na faɗa wa dangi kashi uku, yadda aka koya mini. Wata biyar akwai shaida. Wata uku maganarsa ce kawai. Ko gaskiya ce, ban sani ba.

"Wato ba za ka iya rantsewa a kansa ba," in ji taubashina.

"Ba zan iya ba."

"To ka ji. Ni ma ba mugu ba ne, amma ba zan iya ba."

Matar Kawu tana takaba, hawaye kawai take sharewa. Gidan yanzu na magada ne, kuma ba wanda ya yi ƙarya a falon nan.

Da la'asar na tsayar da keke napep a ƙofar zaure, muka ɗora ƙulli biyu. Maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Hedimasta kaɗai ya fito ya ba shi hannu. Akwai wani ɗan ɗaki a gidana da nake tara tsofaffin takardun jarrabawa, na kwashe su. Matata ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon mutumin yana shiga da kaya, sannan ta ja ni gefe.

"Malam, ka tabbata da shi?"

"A'a."

"To don me?"

"Na san inda ya yi duk rayuwarsa ban da wata uku. Limamin da nake bi salla ban san masa haka ba."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin. Ta ce za ta riƙa zuba masa abinci, amma yara ba za su shiga wurinsa ba tukuna. Na ce na yarda. Ni ma ban ce zuciyata ta kwanta ba.

Ya Allah, wata ukun nan Kai ka san su, kamar yadda Ka san shekarun Kawu dukansu, na fili da na ɓoye. Bai taɓa yanke wa bawanKa hukunci a kan abin da bai bincika ba. Ka sassauta masa bincike, Ka yalwata masa kabari, Ka ba iyalinsa haƙuri. Mu da muka rage da bakunanmu, Ka tsare bayinKa daga gare mu.